Haliru Ba-Gyara da Walƙiya ta Uku

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Batsari a wancan zamani ya san Haliru Ba-Gyara. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, yana zama a ƙarshen layin ma'auna da buhunan geronsa a buɗe. Idan ka ce ya auna maka, zai tsoma tiya cikin buhu, ya ɗago, ya juye maka abin da ta ɗebo. Ko ta yi tsororuwa ko ta ɗan rage, haka za ka karɓa. Ba ya sa hannu ya shafe, ba ya ƙara maka ko ƙwaya. Mata sun zage shi har sun gaji, 'yan'uwansa ma'auna kuma suna cewa rowa ce ta kama shi tun da sauran ƙarfinsa. Ƙarya suke masa. Mutumin da ake gani da la'asar yana kwashe ragowar buhu yana ba tsofaffi kyauta, ba a kiransa marowaci. Abin da ya hana hannunsa gyara ya faru ne a wani ɗaki a Zariya, kuma mutum uku kaɗai suka san shi.

Abin takaicin shi ne, a gidan gyara aka haife shi. Mahaifinsa Salmanu, mutumin Zakka ta ƙasar Safana, shi ne ma'aunin da ake ba da misali da shi tun daga Ruma har Babban Duhu. Shekarar da aka karɓi mulkin kai Haliru yana da goma sha biyu, a ranar ma da ake ta kaɗe-kaɗe a Safana shi yana durƙushe gefen tabarmar babansa yana koyon riƙe tiya. Salmanu yakan auna wa masu saye da yawa a lokaci guda, ya jera musu tsibi-tsibi a kan tabarma, sannan ya ja baya ya dube su da ido ɗaya.

"Duba nan, Haliru," yakan ce. "Hannu yana rawa, ido yana kuskure, ɗan'adam ne. In ka ga tsibi ɗaya ya fi ɗaya, ka ɗebo daga mai yawan ka cika mai ƙarancin, har su fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Jimilla tana nan yadda take, ba ka cuci kowa ba, kuma ka rufa wa hannunka asiri. Ma'aunin da ya bar awonsa wani sama wani ƙasa, ya zubar da mutuncin gidansu."

Abu na biyu da ya koya masa shi ne kada ya fara komai, awo ne ko rubutu, sai da bismilla. Waɗannan biyun su ne gadon da Haliru ya samu, su ne kuma suka yi masa abin da suka yi masa.

Ya gama firamare a Safana, yana da kyan rubutu da saurin lissafi, amma ba a samu halin kai shi gaba ba. Ya koma gona da tiya, ya auri Ma'u 'yar ƙanen mahaifiyarsa. Sai ga farin shekarar saba'in da uku. Gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone, shanun Fulanin Ruma suka riƙa faɗuwa a bakin rijiyoyi, buhunan Salmanu suka koma wofi. Ma'auni ba shi da aiki a ƙasar da babu abin aunawa.

A cikin wannan hali ne Malam Uwaisu ya zo gida. Ɗan Safana ne, ɗan wani maɗinki, ya girmi Haliru da kamar shekara goma. Ya yi karatun tsirrai har ƙasar waje, ya dawo Zariya yana binciken da zai ba shi digirin dakta. Gajere ne mai kaurin tabarau, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalma ta fashe a bakinsa. Ya zaga gonaki da ƙafa, ya ga wani abu da ya tsaya masa a rai: ƙasa ɗaya, ƙishi ɗaya, amma geron wani ya mutu na wani yana tsaye. Ya bi gida-gida yana roƙon iri, ɗan tafin hannu ɗan tafin hannu, yana ƙullewa a tsumma. Rannan a kasuwa ya ji Haliru, daga tazarar taku goma, yana gaya wa wani mai awo cewa tiyarsa ta huɗu ta rage da cikin cokali. Aka gwada, haka ne. Malam Uwaisu ya cire tabarau ya goge, ya je har gida ya gai da Salmanu, ya ce yana son a ba shi aron idon ɗansa.

Wurin aikin a Zariya ɗakuna biyu ne da bango a tsakani. A na ciki, mai duhu ƙirin ko da rana tsaka, Malam yakan niƙa ganyen geron da ya shuka a tukwane, ya tace, ya ɗiga koren ruwan a kan wani ɗan farin ƙarfe da bai fi farce ba. Sai ya bar shi ya huta a duhu, sannan ya riƙa danna wata fitila mai walƙiya, sau ashirin a jere, tsakanin walƙiya da walƙiya bai fi numfashi ɗaya ba. Duk lokacin da haske ya taɓa ganye, yana fitar da oksijin, iskar nan da muke shaƙa mu rayu, ƙarfen kuma yana jin fitarta. Waya ta ratsa bango zuwa ɗakin waje, inda wani ɗigon haske yake tsalle a kan doguwar rula. Yawan iskar, tsawon tsallen. Da can inji ne ya kamata ya riƙa zana tsallen a takarda. An yi odarsa, yana cikin jirgi a bakin tekun Legas, a bayan ɗaruruwan jiragen siminti da kuɗin mai ya jawo, kowa yana jiran layi. Idon Malam ba ya iya kama ɗigon. Saboda haka Haliru ya zama injin.

Malam bai gaya masa abin da ake nema ba, kuma da gangan ya ƙi. An koya masa a makaranta cewa mai karanta awo bai kamata ya san amsar da ake fata ba, don kada ido ya ga abin da zuciya take so. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka rubuta abin da ka gani."

Makonni uku na farko gwaji aka yi, babu ganye. Malam yana aika wuta iri ɗaya ta cikin waya, ya kamata ɗigon ya yi tsalle iri ɗaya sau ashirin. Haliru bai saba ba, lambobinsa suka fito bakwai, goma sha biyu, biyar. Ran nan Malam ya gaji, ga zafi, ga wasiƙar da ta ce injin bai motsa daga teku ba. Ya ɗaga takardar a gaban masu shara da wani akawu, ya ce, "Wane irin awo ne wannan, wani sama wani ƙasa? Kai ne ɗan Salmanu mai awo? In haka za ka yi mani, motar Katsina tana tashi kullum." Sau ɗaya ya taɓa yi masa faɗa a duk zamansu, da yamma ma ya saya masa tsire don ya wanke laifinsa. Amma maganar ta riga ta shiga inda ba ta fita. Haliru ya dage, kafin sati ya zagayo idonsa ya kama ɗigon tsaf, lambobi ashirin suka fito kai ɗaya. Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce yanzu aka yi aiki.

Ranar da aka fara sa ganye na gaske, Malam ya kira daga ciki, "Ɗaya." Ɗigon bai motsa ba. "Biyu." Ya ɗan girgiza. "Uku." Ya yi wani tsalle har kusan ƙarshen rula. Na huɗu rabin haka, na biyar da na shida ƙasa, na bakwai ya sake tashi. Haliru ya dubi abin da ya rubuta a takardar gwajinsa, bayan wata tsohuwar kalanda: sifili, biyu, ashirin, goma sha ɗaya, huɗu, biyar, goma sha huɗu. Fitila ɗaya, ganye ɗaya, walƙiya iri ɗaya, yaya za a yi awo ya fito haka? Ya yanke wa kansa hukunci nan take: idonsa ne yake nauyi a farko, sai ya ruɗe ya zarce a na uku. Ya tuna motar Katsina, ya tuna Ma'u da ciki, ya tuna rumbun Zakka da babu komai a ciki.

Lokacin cin abinci ya zauna a gindin dalbejiya ya yi abin da aka koya masa. Huɗun farko jimillarsu talatin da uku. Ya ɗebo daga mai yawan ya cika masu ƙarancin: takwas, takwas, tara, takwas. Haka ya bi sauran. Ya kwafe su da kyakkyawan rubutu a babban littafin Malam, ya sake tarawa sau biyu don ya tabbata ko ɗigo bai ɓata daga jimilla ba. A ransa bai yi ƙarya ba. Ya rubuta abin da ya kamata ya gani ne da idonsa bai gaza ba, kuma a lokacin har daɗi ya ji, don ya fitar da gidansu kunya.

Malam ya dubi littafin ya daɗe. Ya duba jimilla da wani awo nasa na daban, ta yi daidai, don haka bai taɓa zargin mai karatun ba. Ya ce haske ne yake satar shiga ɗakin. Aka toshe ƙofa da barguna, aka liƙe ramin makulli. Ya ce fitilar ce, aka canja. Ya ce ruwan niƙan ne, ya ce zafi ne, ya riƙa sayen ƙanƙara da albashinsa. Ya gwada geron Zakka, na Ruma, na Babban Duhu, wanda ya ƙoshi da ruwa da wanda aka bari da ƙishi. Kullum Haliru yana ganin tsallen na uku da na bakwai, kullum yana jin haushin idonsa, kullum yana gyarawa a gindin dalbejiya. Shekara biyu da rabi ana haka. Malam ya rame, furfura ta fito masa, ya daina zuwa gida da salla don kada a tambaye shi yaushe za a fara kiransa dakta. Haliru yana tausayinsa ƙwarai, kuma saboda tausayin sai ya ƙara kyautata rubutu.

A ƙarshe manyan da ke duba aikin suka ce lokaci ya ƙare. Malam ya rubuta ɗan siririn littafi yana cewa bai ga abin da ya nema ba, suka mayar masa da shi. Bayan wata guda injin zanen ya iso daga Legas, ruwan gishiri ya cinye cikinsa. Zamanin kuɗi ne, abokan karatunsa suna shiga ofisoshi suna fitowa da motoci, an yi masa tayi shi ma. Ya ƙi. Ya nemi a tura shi koyarwa a wata sakandare kusa da Batsari, inda ɗalibai, da ba su san tausayi ba, suka sa masa suna Dakta Saura-Kaɗan.

Haliru ya dawo Zakka da akwatin ƙarfe guda. A cikinsa akwai takardun gwajin nan duka, fiye da ɗari shida, waɗanda yake fara rubuta lambobin kafin ya gyara. Da wani ne da tuni an ƙunshe ƙosai da su. Amma a saman kowace ya rubuta bismilla da hannunsa, takardar da ke ɗauke da sunan Allah kuwa ba a yar da ita. Ya ɗora akwatin a kan duwatsu a kusurwar ɗaki saboda gara. Damina ta gyaru, Salmanu ya rasu, Haliru ya gaji tiyarsa da wurin zamansa a kasuwar Batsari, ya kuma gaji sunansa. A shekarun nan babu ma'aunin da ya kai shi gyara.

Kowace ranar kasuwa Malam Uwaisu yakan zo a tsohon kekensa, ya sayi tiya biyu, ya zauna a bencin Haliru su yi hira. Shekara shida ba su taɓa ambaton Zariya ba, kowa yana kare ɗan'uwansa. Sai a daminar tamanin da uku, ruwa ya sake ɗaukewa gero yana cikin fitar da kai. Ranar kasuwa babu ciniki, mutane suna ta duban sama. Malam ya zauna a benci, can ya ce, "Haliru, ashe ban taɓa gaya maka abin da muke nema a ɗakin nan ba ko?"

"Ba ka taɓa ba, Malam."

"To yanzu mi zai hana? Ba ni geronka kaɗan."

Ya share gefen tabarma da hannu. Ya ce ganye ba ya iya fasa ruwa ya fitar da iska da walƙiya ɗaya, sai ya tara huɗu. Kamar mai jan ruwa a rijiya ne da sai ya ja igiya sau huɗu guga yake isowa baki, ja ukun farko ba ka ganin ko ɗigo. Idan ganye ya huta a duhu, yawancin masu jan nasa suna riƙe da ja ɗaya a hannu tun kafin a fara, saboda haka gugan farko yana fitowa a walƙiya ta uku, na biyu a ta bakwai, na gaba a ta goma sha ɗaya. Masana a ƙasashen waje sun riga sun ga wannan. Amma a kowace walƙiya akwai waɗanda igiya take kuɓuce musu, sai su koma baya da ɗaya, a hankali jerin ya rikice har ya baje. Daga saurin bajewar ake yin lissafi a gane mutum nawa cikin ɗari ke kuskure. Abin da shi ya so ya gano shi ne, wane gero ne cikin namu igiya ba ta kuɓuce masa idan ƙishi ya kama shi.

Yana magana yana jera tsibi. Wurin farko ya bar shi wofi. Na biyu 'yan ƙwayoyi. Na uku ya tula masa har yana zubewa. Na huɗu rabi, na biyar da na shida kaɗan-kaɗan, na bakwai ya sake tulawa.

"Ka ga abin da na yi shekara biyu da rabi ina roƙon Allah ya nuna mani," in ji shi. "Ko sau ɗaya ban gani ba. Kullum takwas, takwas, tara, takwas. Har yau ban san inda na yi kuskure ba, wannan shi ya fi ci mani rai. In na kwanta sai in riƙa bin wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya."

Haliru ya dubi tabarmar. Ya san tsibin nan kamar yadda ya san fuskokin 'ya'yansa. Ya ji kasuwar ta yi nisa. Malam ya tattara geron ya mayar cikin buhu, ya karkaɗe hannu, ya yi sallama ya hau kekensa. Haliru bai ce masa komai ba sai "Allah ya kiyaye hanya."

Da ya isa Zakka bai ko sha ruwa ba ya sauke akwatin. Ya zaro takarda daga sama, ya zaro daga tsakiya, ya zaro daga ƙasa. Duk abu ɗaya suke faɗa. Ma'u ta same shi zaune a ƙasa takardu sun kewaye shi, ya gaya mata komai, ya ma jera mata tsibin da tsakuwa don ta gane. Ta gane sarai, ba ta buƙaci boko ba.

"To sai ka kai mashi, Maigida," ta ce.

"Da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda ka ga abin."

Bai kai ba. Nan ne kuma laifin Haliru na gaskiya ya fara, don na farko rashin sani ne, wannan kuwa yana sane. Ranar kasuwa ta zagayo, Malam ya zo ya zauna a benci, Haliru ya cika masa tiya har tana zuba, ya ƙara masa gyara ninki biyu, ya bar shi ya tafi. Haka aka yi sati bakwai. Yakan ce wa kansa faɗar ba za ta dawo da komai ba, sai dai ta raba su. Yakan ce barin dattijo cikin rashin sani rahama ce. Abinci ya daina shiga masa. Abin da yake tsoro shi ne a ce ɗan Salmanu ya yi algus a awo, ya fi tsoron wannan fiye da yunwar da kowa ya ga tana tahowa.

Ma'u ce ta gaji. Wata Asabar da safe ta ɗauko akwatin da kanta ta ɗaure a bayan kekensa da igiyar guga. Ta ce, "Bawan Allah nan kullum yana neman laifinsa, laifin kuma yana ɗakina a kan duwatsu. Ni ba zan ƙara share ƙarƙashinsa ba. In ya mutu yana zargin kansa, kai ka san abin da za ka faɗa gobe."

Ya sami Malam a barandar gidansa na makaranta yana duba littattafan ɗalibai. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka jajanta rashin ruwa, Haliru yana ta jan gaisuwar har ta ƙare masa. Sannan ya ajiye akwatin, ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, ya faɗi abin da ya yi tun daga gindin dalbejiya. Bai kawo uzuri ba. Bai ambaci faɗan da aka yi masa a gaban masu shara ba.

Malam ya ture littattafan ɗalibai gefe. Ya buɗe akwatin, ya ɗauki takarda ɗaya ya kai ta kusa da tabarau. Ya ɗauki ta biyu. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar zane mai gida-gida da jan biro, ya fara ɗiga lambobin yana haɗa su da layi. Layin ya kwanta, ya tashi a uku, ya sauka, ya tashi a bakwai, ya sake ɗan tashi a goma sha ɗaya, ya tafi yana lafawa. Ya ware takardun Haliru kashi-kashi bisa sunan ƙauyen da Haliru ya rubuta a gefe, ya shiga lissafi. Aka kira azahar suka yi salla a barandar, ya koma. Aka kawo abinci ya huce a rufe. Haliru yana zaune inda yake, ƙafafunsa sun mutu, yana jiran zagi kamar mai jiran ruwa.

Wajen la'asar Malam ya ajiye biro. Ya ce, da muryar da yake karantarwa a aji, "Geron Zakka da na Ruma, in sun ƙoshi, goma cikin ɗari suke kuskure. In ƙishi ya kama su, ya haura ashirin. Na tsohuwar nan Fanta ta Babban Duhu, da ƙishi da ƙoshi, bai wuce goma sha ɗaya ba." Ya ɗago kai. "Ana shuka shi har yanzu?"

"Ta rasu, Malam. 'Ya'yanta sun koma sabon iri mai son taki."

Malam ya gyaɗa kai. Babu inda zai kai takardun. Shekara bakwai sun wuce, an kwance na'urar an zubar, babu shaida, kuma babu mai karɓar lambobin da aka rubuta a bayan tsofaffin kalanda. Dukansu sun san haka, ba wanda ya faɗa. Ya cire tabarau, hawaye suna bin kumatunsa bai share ba.

"Ashe wayoyina daidai suke," ya ce. Sai ya dubi Haliru. "Ka san injin da muka yi ta jira ba zai fi wannan kyau ba? Sau ɗari shida, ko ɗaya ba ka ɓata ba. Ban taɓa ganin ido irin naka ba, Haliru."

Da ya zage shi, da ya ɗaga takalmi ya buga masa, da Haliru ya koma gida da sauƙi a ransa. Wannan yabon shi ne abu mafi ciwo da aka taɓa gaya masa. Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin na manya, marar sauti. Malam ya ce ya yafe, ya ce shi ma da nasa laifin, da ya buɗe baki ya yi bayani tun farko. Haliru bai karɓi wannan rabon ba, har ya mutu yana cewa laifin tiya ɗaya ce kuma tasa ce.

Ranar kasuwa Malam ya zo kamar kullum, ya ce a ba shi tiya biyu. Haliru ya tsoma, ya ɗago, ta ɗan rage kaɗan a gefe. Hannunsa na hagu ya tafi buhu da kansa zai ɗebo ciko, yadda ya saba tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Malam ya kama wuyan hannun, a hankali, ba da fushi ba.

"Bar ta yadda ta zo," ya ce.

Yunwar ta zo a shekarar da ta biyo, ta yi ɓarnar da ta yi. Malam Uwaisu bai ga ƙarshenta ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi kafin sabon gero ya shigo. Iyalinsa da suke kwashe kaya suka ga akwati cike da takardu masu bismilla, da sunan Haliru a murfi, suka aika masa da abinsa. A sama akwai takardar zanen nan mai jan layi. A ƙasanta Malam ya rubuta kwanan wata, da sunan geron Fanta, da sunayen masu aikin guda biyu, na Haliru a gaba.

Haliru ya mayar da akwatin kan duwatsunsa. Ya ci gaba da zuwa kasuwa shekara da shekaru, masu saye suna raguwa, suna komawa wajen masu cika hannu. In mace ta tsaya tana masifa a kan gyara, ba ya tanka mata, sai ya riƙe tiyar a gabanta ta gani da idonta, in ta yarda ya juye, in ba ta yarda ba ya mayar cikin buhu.